Kujerar Ilu a Gefen Sahu

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wani bawan Allah ɗan dako, ana ce masa Ilu. Yana da abokin aiki, Jatau, wanda ko sannu aka yi wa Ilu sai ya ji kamar daga bakinsa aka ƙwace.

Ran nan motar albasa ta kife da su biyun. Gwiwar kowannensu ta goce, jijiyoyi uku suka tsinke. A asibiti aka yi musu aiki rana ɗaya, aka dasa wasu jijiyoyin, aka ɗaure ƙafa da ƙarfe. Likita ya ja musu kunne: lanƙwasawa kaɗan-kaɗan kullum, amma ban da durƙuso sai bayan wata shida. Salla a zaune.

To ku saurara. Ilu ya sami 'yar kujerar katako, ya ajiye can gefen sahu, ya miƙe ƙafa yana salla da ishara. Masu zolaya suna ce masa Alhajin kujera, shi ma ya taya su dariya. Sai jama'a suka fara yabon haƙurinsa. Yabon nan shi ya hana Jatau sakat. Ciwo iri ɗaya, ɗinki iri ɗaya, amma Ilu ake gani! Ya ƙudurta lallai shi zai riga kai goshi ƙasa, a ce shi Allah ya fara dubawa.

Wata na uku, ranar Juma'a, masallaci cike, Jatau ya kwance ƙarfen ya shiga sahun gaba. Liman ya yi kabbarar sujada, Jatau ya tafi ƙasa. Na kusa da shi sun ce sun ji ƙarar, ƙas, kamar an karya kara. Mutum huɗu suka fitar da shi.

Aka sake aiki. Ƙafa ta sandare, don ya ƙi lanƙwasawa, zafi da kunya sun haɗu. Bayan wata shidan Ilu sun cika, ran nan da hantsi Jatau yana kwance a zaure sai ga Ilu, ba sanda, kujera a kafaɗa.

Jatau ya juya fuska bango. "Ka zo ganin ƙarshena ke nan?"

"Kujera na kawo maka, ni na gama da ita. Miƙo ƙafar nan, ɗan'uwa. Na san inda zafin yake."

Kullum sai ya zo ya lanƙwasa masa, Jatau yana zagi, Ilu yana ƙirga goma. Har ƙafa ta taka. Amma durƙuso kam, Jatau bai ƙara yi ba. A kan kujerar nan ta Ilu ya ƙarasa sallolinsa.

Jama'a, hassada ba ta taɓa wanda ake yi wa, gwiwar mai ita take karyawa. Sujadar da aka yi don idon mutane ba ta kai ta mai kujera ba. Kai da aka ce ka jira, jira. Kai kuma da yabon maƙwabcinka ke hana ka sukuni, duba gwiwarka tun tana lanƙwasuwa.