Ɗan Aiken da Ba Wanda Ya Aika

A zamanin da, tun duniya na kwance, an yi wani sarki mai suna Bagudu, wanda ya gaji wata doka daga kakanninsa cewa ba a kashe ɗan aike. In bawa ya yi ɓarna bisa umarnin ubangidansa, sai a saki bawan a kama ubangidan. Sarki da talakawansa addinin kakanni suke bi, amma sun ba fatake Musulmi unguwa a bayan kasuwa, fataken suka gina masallaci, suka naɗa wani dattijo, Malam Ɗalhatu, alƙalinsu. Aka shekara talatin ba wanda ya ji kansu.

Malam yana da ɗa guda ɗaya tak, Hashimu, wanda ya haifa bayan furfura ta fito. Ƙato ne, ga ƙarfi ga baƙar zuciya. Karatunsa bai wuce izu biyu ba, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya rubuta littattafan. Wata ranar kasuwa wani maƙeri, Nomau, ya kayar da shi a kokawa, mata suka yi ta rangaɗa guɗa. Bayan kwana uku, da rana tsaka, Hashimu ya iske Nomau a maƙera, ya soke shi da mashi yana kabbara.

Da aka gurfanar da shi a fada, sai ya ce shi ɗan aike ne, addininsa ne ya aike shi ya kashe wanda ba ya salla. Sarki ya fusata, ya ce doka doka ce: a saki Hashimu, a rushe masallaci, a ƙone littattafai, a kori Musulmi daga ƙasar.

Waziri Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ko bawa ne ya ce an aike shi, ai sai an tambayi ubangidan. Addini ba shi da baki, amma yana da alƙali, kuma alƙalin shi ne uban mai laifin. In ya ce ba a aike shi ba, alhali ya san abin da hakan zai jawo wa ɗansa, to ba sauran shakka."

Dogari ya je ya taho da Malam, ya shaida masa yadda aka yi. A hanya zuciya ta yi ta yi masa huɗuba, kuma wallahi huɗubar da daɗin ji. Masallaci ƙasa ce, ana kwaɓa wata a wani gari. Littattafai suna cikin kansa. Ɗa kuwa ba shi da wani, shekarun haihuwa kuma sun wuce. Tsoho ya yi ta tafiya har suka isa fada.

A ƙofar fada ya tarar da Kande, uwar Nomau, zaune a ƙasa rungume da warkin ɗanta, jini ya bushe a jiki. Ba ta zage shi ba. Ta dai tuna masa shekarar da Nomau ya yi ƙyanda, ta goyo shi ta kawo masa, ya yi masa addu'a ya warke. Sannan ta ce, "Malam, Allahn da ka roƙa ran nan, shi ne ya aiko a kashe mini shi?"

Malam ya shige ciki. Da ya zo wucewa ta gaban ɗansa, Hashimu ya ɗago kai a cikin mari, duk cika bakin nan ya gushe, ya ce a hankali, "Baba, kalma ɗaya ce fa."

Sarki ya yi tambayarsa. Malam ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba wanda ya aike shi. An kayar da shi a kokawa, ya ji kunya, ya ari sunan Allah ya yafa." Ya ƙara da cewa addininsu ya haramta jinin maƙwabcin da ake zaman amana da shi, hukuncin mai zubar da shi kuwa kisa ne, sai fa in dangin mamaci sun yafe.

Aka shigo da Kande. Malam ya tuɓe rawaninsa, ya durƙusa a gabanta, dattijo mai shekara saba'in, yana kuka kamar yaro. Ta dube shi, ta dubi warkin da ke hannunta, ta girgiza kai. Ba wanda ya ga laifinta, har Malam ɗin.

Kafin la'asar, hauni mai sare kai ya gama aikinsa. Sarki ya janye umarninsa, masallaci ya tsaya, kasuwa ta ci gaba da ci. Malam da hannunsa ya wanke gawar ɗansa, ya sallace ta.

Labari ya bi fatake gari gari. Wata rana wasu malamai suka zo takanas daga nesa don su gaishe da mutumin da ya ceci addini. Malam ya saurare su har suka gama yabo, sannan ya ce, "Addini bai taɓa roƙona in cece shi ba. Ɗana ne ya roƙe ni, na kasa."