Tayoyin da Suka Ci Kofi

Akwai wani mutum, direban motar tsere, wanda a shekarun ƙarfinsa ya ci kofi a wani filin tsere da ke bayan gari. Filin kwalta ne mai zagaye, da kwana-kwana har goma sha ɗaya. Mafi muninsu ita ce kwanar rafi, domin bayanta babu komai sai gangare mai duwatsu. A wannan kwana ce ya wuce abokan karawarsa a ranar, bisa tayoyi huɗu na tsere, irin masu laushin roba, waɗanda in sun ɗauki zafi suke manne wa kwalta kamar ƙaro.

Ya yi ta tsere da su har ya bar sana'ar. Sa'an nan ya kwance su, ya wanke, ya jera su a ɗakin ajiya, ya lulluɓe da tabarma. Duk baƙon da ya zo gidan, sai an kai shi ya gaishe su.

Bayan shekara tara, masu filin suka gayyaci tsofaffin direbobi su zo su sake gwada juna. Matarsa Rahila ba ta hana shi ba. Abu ɗaya ta roƙa, ya dawo mata da ƙafafunsa.

Ya kwashi tayoyin ya kai wa Baba Habila, tsohon mai faci, don ya ɗaura masa su. Tsohon bai dubi sunan da ke jikinsu ba, bai kuma dubi zanensu ba. Ya danna farcen babban yatsansa a kan robar, ya ɗaga. Ko alama babu. Ya jawo wata sabuwar taya, irin wadda kowa ke sa wa motar zuwa kasuwa, ya danna, farcen ya nutse.

Ya ce, “Ɗana, waɗannan sun mutu. Ko masu yanka takalmi sai sun wasa wuƙa sau biyu.”

Mutumin ya yi dariya, ya nuna masa cewa zanen bai ko cinye rabi ba. Baba Habila ya bayyana masa a hankali cewa tayar tsere ba a zane take mutuwa ba. Duk lokacin da ta yi zafi ta huce, robarta tana ƙara tauri, zaman ɗaki kuma ya ƙarasa abin da zafi ya fara. Bai musa ba cewa a ranarsu sun fi tayar titi nesa, har ma wadda ta ɗan ci aiki takan fi ta in robar na da sauran rai. Amma waɗannan, in ji shi, sabuwar tayar titi ta fi su riƙo yau, muddin ya bi ta da sauƙi, bai ƙona ta ba.

Mutumin ya dubi sabuwar tayar, ya tuna fuskokin abokansa, ya ji kunya tun kafin ya isa filin.

Ya ce, “Baba, waɗannan sun san kwanar rafi.”

Tsohon ya ce, “Kai ne ka san ta. Roba ba ta tuna komai.”

Duk da haka ya ɗaura masa su, gama motar ba tasa ba ce.

Da hantsi aka saki motocin. Zagaye na farko motar ta riƙa ɗan zamewa, mutumin ya ce wa ransa tayoyin ba su ɗauki zafi ba tukuna. Zagaye na biyu ma haka, ya sake faɗa wa ransa wannan magana. A na uku ya yi niyyar nuna wa mutane ko shi wane ne. Akwai wani farin dutse a gefen hanya, inda ya taka birki a ranar da ya ci kofi. Daidai dutsen ya taka. Ya juya sitiyari yadda ya juya a wancan karo, bai kuskure ko kaɗan ba. Motar ba ta saurare shi ba. Ta miƙe sak, ta nufi gangaren, shi kuwa yana riƙe da sitiyarin da ba ya juya komai, maganar Rahila tana cikin kunnensa.

Sai motar ta daki wani abu mai laushi, ta yi tsalle baya, ta tsaya.

Da ya fito, ya ga abin da ya tare shi. Shinge ne da aka yi bayan zamaninsa, na tsofaffin tayoyi ɗaure da juna, jeri uku. Ya matsa ya duba. Yawancinsu tayoyin tsere ne, irin nasa, da sunan da yake alfahari da shi a jikinsu.

Washegari ya koma wurin Baba Habila. Tsohon bai tuna masa da komai ba, ya kwance masa tayoyin kawai. Mutumin ya kai su huɗun filin da kansa, ya ɗaure su a shingen kwanar rafi, ya koma gida wurin matarsa bisa sababbin tayoyin titi.

Ma'anar misalin nan kuwa ita ce, tayoyin tseren su ne himmarmu ta dā. Wani a cikinmu ya yi tafiyar bishara a ƙasa tun yana saurayi. Wata ta jagoranci zumuntar mata shekara goma. Wani ya tsaya da bangaskiyarsa a ranar da tsayawa ke da haɗari. Duk gaskiya ne, babu ƙarya a kofin. Amma zuciya takan yi zafi ta huce, ta yi zafi ta huce, har ta taurare, alhali daga waje zanenta na nan, kujerarta a majami'a na nan. Kwanar rafi ita ce jarabar da muka taɓa ci, saboda haka muka daina jin tsoronta. Sabuwar tayar titi ita ce addu'ar safiyar yau, da tuban yau, da 'yar biyayyar da ba wanda zai tafa mata. Ba ta da suna, amma tana riƙe hanya.

Kada ku zubar da shaidarku ta dā. Ku kai ta shinge, ku ba matasa labarinta, wataƙila ta tare wani daga gangare, kamar yadda ta waɗansu ta tare mutumin nan. Sai dai kada ku hau ta ku shiga kwana. Kafin ku fita gobe, kowa ya bar Maganar Allah ta danna farce a zuciyarsa, ya duba ko ya nutse.