Ranar da Beguwa Ta Goyi Baba Bunsuru

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso!

An yi wani gari na dabbobi, gari mai kyau, ga ruwa ga abinci, amma suna da wata doka guda ɗaya mai ban haushi. Wai tun zamanin kakanni wani mugu ya lakaɗa wa ɗan'uwansa duka, da ya ji tafiyar mutane sai ya durƙusa yana yi masa fifita kamar mai taimako. Da asiri ya tonu, manya suka ce daga yau duk wanda aka samu hannunsa a jikin mai rauni, shi ya ji masa raunin, a kore shi daga gari, gidansa a ba wani.

To kun ga ai shi ke nan. Ko faɗuwa ka yi a bakin kasuwa, sai dai a kewaye ka ana "sannu, sannu", kowa ya naɗe hannu a baya.

A garin akwai Beguwa, budurwa mai son aiki, tana da ɗan gidanta da garkar rogo a bayansa. Maƙwabcinta wani tsoho ne, Baba Bunsuru, wanda ya yi abota da kakanta. Kullum da safe sai ya leƙo ta katanga.

"Amaryata, yau ma ba a dama wa miji kunu ba?"

"Wane miji? Tsoho da gemu kamar tsintsiyar share murhu!"

Ya yi ta dariya har da tari, ita kuma ta miƙa masa kunun. Dama ta dama da shi.

Rannan da damina aka yini ana ruwa. Da la'asar Beguwa na dawowa daga garka sai ta hango taro a ƙofar Baba. Ashe tsohuwar katangarsa ce ta jiƙe ta rufta masa. Ba abin da ake gani sai ƙafa ɗaya tana motsi.

Ta ce, "Jaki, kai ne mai ƙarfi, zo mu ɗaga!"

Jaki ya ce, "Ina da 'ya'ya, Beguwa. In na taɓa, an kore ni."

Ta ce, "Zakara, kai ka iya tono!"

Zakara ya ce, "Ina da iyali, Beguwa. In na taɓa, an kore ni."

Ta ce, "Kyanwa, ke fa?"

Kyanwa tana hawaye ta ce, "Jiya na gama rufin ɗakina. In na taɓa, an kore ni."

Beguwa ta dubi gidanta, ta dubi ƙafar nan. Sai ta ga ƙafar ta daina motsi. Wallahi ba ta san lokacin da ta faɗa kan ƙasar ba. Ta yi ta tono, ta yi ta tono, har faratanta suka yi jini. Ta jawo Baba a sume, ta share masa laka daga hanci, ya ja numfashi. Gidan mai ɗori yana can ƙarshen gari, ba kuma mai kama mata. Sai ta goya shi ta zuba da gudu.

Kun dai san bayan Beguwa. A rikicen da take, ta manta ta kwantar da kibiyoyinta. Biyu suka shige cinyar Baba.

Mai ɗori ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai gawa. Amma cinyar nan, ya ce, ɗingishi ya zauna.

To akwai Dila. Shi Dila ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan garkar rogon nan. Tun kafin laka ta bushe ya isa gaban Alƙali Kunkuru.

"Allah ya gafarta Malam, an samu hannu a jikin mai rauni. Ba hannu kaɗai ba, har da kibiya biyu."

Aka sa ranar shari'a bayan kwana uku. Beguwa ta ƙulle kayanta a tsumma tun kafin ranar, ta zauna tana kallon rogon da ba za ta ci ba.

Ranar gari ya taru a gindin tsamiya. Sai ga Baba Bunsuru yana dogara sanda, ƙyaf, ƙyaf.

"Malam, wa ya kawo ƙara? Ni dai ban kawo ba. Cinyar tawa ce ko ta Dila?"

Dila ya ce, "Doka ba ta tambayi mai cinya ba, Baba."

"Yarinyar nan ta tono ni kamar rogo, ta goya ni kamar jariri! In za a kore ta, a haɗa da ni. Ta sake goya ni ma, ga ɗaya cinyar."

Beguwa ta ce a hankali, "Baba, zauna, ƙafarka."

Alƙali Kunkuru ya shigar da kai cikin ƙoƙonsa, ya daɗe, ya fito. Shi ma abin bai yi masa daɗi ba. Ya ce, "Dokar nan... mun gaje ta ne... ba ni na yi ta ba..."

Dila ya ga nasara ta zo. Murna ta hana shi haƙuri. Ya zaro soyayyen kifi daga aljihu, ya juya kai, ya cusa duka a baki don kada a ce ya ba wani. Sai ƙaya ta tsaya masa a maƙogwaro, cak!

Ya yi tari, ba ta fita ba. Ya yi tsalle, ba ta fita ba. Ya faɗi yana shure-shure, idanu sun firfito. Jama'a suka kewaye shi.

"Sannu, Dila. Sannu."

Kowa hannu a baya.

Beguwa ta matso, ta tsaya. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, in taɓa shi?"

Kunkuru ya ce, "To... ai... doka..."

"Malam, numfashinsa na tafiya. In taɓa ko in bari?"

Dila ya kama ƙafar alƙali yana gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Yara, tun da aka haifi Kunkuru ba a taɓa jin ya yi magana da sauri ba sai rannan. Ya ce, "Taɓa shi! Daga yau wanda ya kai hannu don ceton rai ba shi da laifi, ko da an samu rauni a garin ceton. Mugu kuwa shaidu za su tona shi, ba sai mun hana kowa taimako ba. Taɓa shi, 'yata!"

Beguwa ta ɗago Dila, ta ja da baya, ta banke shi a gadon baya, dim! Ƙaya ta yi tsalle ta faɗi can. Kibiya uku kuma suka zauna daram a bayansa.

Da ya samu numfashi, abin da ya fara cewa shi ne, "Malam, ta soke ni! A rubuta!"

Kunkuru ya ce, "An rubuta. An rubuta ta cece ka."

Ai kuwa sai gari ya ɗauka da shewa. Mutanen da suka yi shekara da shekaru hannu na yi musu ƙaiƙayi suka yi caa a kan Dila, kowa na son ya taimaka. Wannan na jan kibiya, wancan na zuba masa ruwa, wata na ɗura masa jiƙo mai ɗaci. Yana ihu, "Na warke! Wallahi na warke!" Ba wanda ya saurare shi.

Beguwa kuwa ta kama hannun Baba suka nufi gida a hankali, ta kwance ƙullin kayanta, ta ɗora tukunya.

To kun ji. In kuka ga wani a cikin hatsari, ku kai hannu, ku kira manya. Manya kuma su tsaya wa wanda ya kai hannun, don kada gobe ya naɗe shi.

Ƙurunƙus, kan kifin da ya shaƙe Dila.