Fartanyar Da Ta Dawo Babu Ƙasa

Akwai wata mata mai suna Laraba, a wani ɗan ƙauye can gefen Lausu, a ƙasar Rano. Kirista ce, cikin Hausawan nan da suka daɗe suna zaune da maƙwabtansu Musulmi, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya. Mijinta Tanko ya rasu shekara biyu kafin wannan labari. Ya bar mata gonar dawa guda ɗaya da jikoki biyu ƙanana, ga kuma ciwon gwiwa da ya hana ta daɗewa a sunkuye.

Cocinsu ƙarami ne, kuma daga gidanta tafiyar kusan awa guda ce. Tsarinsu irin na Firesbiteriyan ne, wato jama'a ke zaɓen dattawa, dattawan su riƙe al'amura. Fasto sau ɗaya a wata yake zuwa.

Abin da suka fi alfahari da shi shi ne gayyarsu ta damina. Kowace Alhamis maza da mata sukan taru su nome gonar mutum ɗaya. Marasa lafiya da gwauraye ake fara yi wa, dattawan coci su ne na ƙarshe.

Suna da wata tsohuwar fartanya, ƙotarta ta yi baƙi saboda hannu, an ɗaura mata jan ƙyalle. Ran Lahadi akan jingine ta a ƙofar gidan wanda za a yi wa aiki. Shi kuma ya dama wa mutane kunu. Da ita ake saran farko a gonar, sannan mai gona ya mayar da ita coci da ƙasarta, ba a wankewa. Babban dattijonsu, Baba Alu, sai ya kankare ƙasar cikin wata tukunya da ke bakin ƙofa. Ƙasar gonar kowa tana cikin tukunyar nan.

Mai kai fartanyar gida-gida shi ne Dattijo Mika'ilu, aminin marigayi Tanko. Shi ne ya tsaya a bakin kabari ya ce muddin yana numfashi gonar Tanko ba za ta kwana da ciyawa ba. Lokacin da matarsa Dije ta yi wata biyu a kwance, Laraba ce ta yi jinyarta. Shi ya sa ba ta kiransa Dattijo kamar kowa. Yaya take ce masa.

A shekarar, ruwa ya zo da ƙarfi. Dawar Laraba ba ta kai taƙi ɗaya ba ciyawar harƙiya ta fara shaƙe ta. Duk manomi ya san noman firi, wato noman farko, ba ya jira. Idan ya wuce, abincin shekara ya wuce.

Ran Lahadi aka faɗa a gaban kowa cewa Alhamis ta Laraba ce. Da la'asar Mika'ilu ya zo a babur ya jingine fartanyar a ƙofarta.

"Ki dama da yawa," in ji shi yana dariya. "Kin san cikin samarinmu ba shi da gindi."

"Ko tukunyar kunun ce sai su haɗa da ita, Yaya," in ji ta.

Geron da ya rage mata a gida tiya uku ne, shi take lallaɓawa har sabon amfani ya fito. Ta ɗebi biyu ta surfa, ta jiƙa tsamiya, ta kai niƙa. Ba ta yi wata-wata ba, don kunya ce a zo maka gayya a tashi da ƙishi.

Ran Alhamis tun hantsi bai yi ba ta gama jigilar kunu zuwa gindin ɗorawar da ke gonar, sawu uku, tana ɗingishi. Ta jera ƙoƙuna, ta ajiye fartanyar a kan buhu, ta zauna tana kallon hanya.

Rana ta ɗaga. Ta ce wataƙila rafi ne ya cika ya tsare su.

Rana ta take tsaka. Ta jawo robobin kunun cikin inuwa. Duk ƙarar babur da ta ji sai ta miƙe.

Wajen azahar sai ga Bello, wani Bafulatani maƙwabcinta, ya biyo burtali da shanunsa.

"Inna Laraba, wannan uban kunu fa? Biki ake ba a gayyace mu ba?"

"Mutanen cocinmu nake jira. Yau gayyata ce."

Bello ya dogara da sandarsa. "Inna, ai na wuce su tun da safe. Suna fadama, a gonar shinkafar Mika'ilu. Sun fi mutum talatin, har waƙa suke."

"Ka dai ga wasu."

"Na sha ruwa a wurinsu. Na ce ba yau ce taki ba? Suka ce ai kin aiko cewa wani ɗan'uwanku daga Kano ya sa 'yan ƙwadago sun nome miki, kin bar wa Dattijo ranar."

Laraba ta dubi gonarta. Ciyawa ta rufe kunya, dawar sai an lura ake ganinta. Ba ta da wani ɗan'uwa a Kano. Kuma mutum ɗaya ne kaɗai zai iya kai wa jama'a irin wannan saƙo su yarda.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kira mutanen rugarku su zo su sha, kada ya yi tsami."

Washegari Mika'ilu ya zo, ya tsaya a zaure yana murza hula.

"Ƙanwata, shaiɗan ne. Na ƙaro fadama bana, ciyawa ta fi ƙarfina, ni kuma layina sai ƙarshe. Alhamis mai zuwa taki ce, na rantse."

"Alhamis mai zuwa me za a tarar a gonar?"

Can ya ce, "Na gaya musu na riga na yi saran farko da fartanyar tun asuba, na mayar da ita gida. Ba ni ita in shafa mata laka in kai ran Lahadi. A rufa wa juna asiri."

"Au, ba ni ka zo dubawa ba ashe. Fartanya ka zo ɗauka."

"Haba Laraba, ko don Tanko."

"Kada ka ƙara kiran sunansa a zauren nan," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Wanda aka jingine wa a ƙofa shi ke mayarwa. A bakinka na sha jin haka."

Ran Lahadi, bayan waƙa ta biyu, Baba Alu ya miƙe da 'yar wuƙarsa ta kankara, ya tambaya kamar kullum, "Fartanyar gayya ta dawo?"

Mika'ilu ya ɗan ɗaga daga benci. "Baba, na manto ta a..."

"Ga ta nan."

Laraba ce ta taso daga ɓangaren mata. Ta taka a hankali har gaba, ta kwance buhu, ta miƙa. Bakin fartanyar fes yake, ko ƙura babu.

Baba Alu ya juya ta, ya sake juya ta. "'Yata, ina ƙasar?"

"Ba ta taɓa ƙasa ba, Baba. Tun safe har azahar muna zaune da ita a gindin ɗorawa, ni da kunun mutum talatin."

Wata mata daga baya ta ce, "Ba an ce 'yan ƙwadago sun nome miki ba?"

"Ku je ku gani. Gonar ba ta gudu ba."

Kowa ya waiwaya wajen Mika'ilu. Dije matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Wani saurayi ya ce da ƙarfi, "Ashe da hannunmu muka yi!" Wannan maganar ita ta fi ƙona mutane. Ba Laraba kaɗai aka yaudara ba, gumin kowa aka sata aka cuce ta da shi.

Baba Alu ya mayar da wuƙarsa aljihu. "Shekara arba'in ina kankare fartanyar nan, yau ce ranar farko da ban samu abin zubawa a tukunya ba. Gobe Litinin, duk mai hannu biyu ya same ni a gonar Tanko."

Sun je, har da waɗanda ba su taɓa zuwa gayya ba. Mata suka zo da kununsu daga gida, ba wanda ya bari Laraba ta hura wuta. Amma kwana huɗun nan sun yi ɓarna. Gefen gonar da ya fi damshi ya riga ya yi rawaya, kusan kashi ɗaya cikin uku bai tashi ba. Har kaka ta yi, nonon da matar Bello ke aiko mata kowace safiya da ɗan hatsin da matan zumuntar coci suka haɗa, su suka riƙe jikokinta.

Dattawa suka zauna, suka sauke Mika'ilu daga dattijantaka. Da aka tambayi jama'a wa zai riƙa kai fartanya, baki ɗaya suka ce Laraba.

Damina ta zagayo. Mika'ilu ya faɗi da babur, ƙafarsa ta karye ana tsakiyar shuka. Wasu suka ce a bar shi ya ɗanɗana. Laraba ta ce, "Dokar ta ce marasa lafiya ne farko. Ba ta ce sai masu hali ba."

Ran Lahadi da la'asar ɗan acaɓa ya sauke ta a ƙofar gidansa. Ta jingine fartanyar. Dije ta fito, ta dubi jan ƙyallen, ta kasa haɗa ido da ita.

"Laraba, gero ya yi mana ƙaranci bana. Don Allah gaya mini gaskiya. In dama?"

"Ki dama. Za a zo."

Daga cikin ɗaki Mika'ilu ya ɗaga murya. "Ƙanwata ce? Shigo mana."

Laraba ta tsaya a inda take. "Sannu da jiki, Malam Mika'ilu. Allah ya ƙara sauƙi." Ta juya ta hau babur.

Ran Alhamis mutum talatin da huɗu suka nome masa gona tas, kuma Laraba ce ta yi saran farko. Ƙasarsa ta shiga tukunya tare da ta kowa. Suna gaisawa har yau, ta je sunan jikarsa, ta ci abincin gidansa. Amma kalmar Yaya ba ta sake fitowa daga bakinta ba.

Darasi: Idan jama'a suka damƙa maka amana, kada ka juya ta zuwa gonarka, musamman a kan mai rauni da ya yarda da kai. Mai haƙuri zai iya yafe maka, har ya taimake ka ranar da ka faɗi, amma matsayin da kake da shi a zuciyarsa ba lallai ya dawo ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan arziki, musamman waɗanda ke riƙe da wani abu na jama'a a hannunsu, ko a coci, ko a masallaci, ko a ƙungiyar unguwa.