Kunun Ɗan Sarki

Gwaggona Ta-Sallah ce ta fara ba ni wannan hikaya, ranar da ta tarar na jiƙa gero zan yi wa ɗana kunu, yana wata biyu.

An yi wani sarki, Zubairu, wanda Allah ya azurta da tagwaye, Hasan da Usaina. Uwa ɗaya, nono ɗaya, amma kafin wata uku Usaina ta yi ɓulɓul, Hasan kuwa zawo ya tsotse shi. Masu magani suka ce nonon uwar bai karɓi namiji ba, a cire shi. Sarki ya ce wa wazirinsa Ɗalhatu, "Waziri, ka binciko mini haƙiƙar lamarin nan kafin Juma'a, in ba haka ba a raba yaron da uwarsa."

Waziri ya fita, ya kuwa san in aka cire jariri a wannan hali, da wuya ya tashi. Ya shiga gaida mahaifiyar sarki, sai ya tarar da Hasan a cinyarta, tana ɗura masa kunu da ludayi.

"Ranki ya daɗe, Usaina fa?"

"Ita mace ce, nono ya ishe ta. Maigidana kuwa gado yake jira, ruwan nono ne zai riƙe shi? Tun arba'in nake ba shi."

Nan Waziri ya gane, amma da wane baki za ka ce wa sarki ƙaunar tsohuwarsa ce ke cinye ɗansa? Ya jira sai da sarki ya shigo gaisuwa, ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ƙara na kawo. An bambanta tagwaye a gidan adalci, ana ba ɗaya abin da ba a ba ɗaya."

Tsohuwa ta yi dariya. "Wannan ne? A dama wa kishiyar tawa nata!"

Waziri ya yi maza ya ce, "Ranki ya daɗe, mai lafiya ake kwaikwaya. Ki ara mini ludayin nan, a bar Hasan da abincin ƙanwarsa. In bai murmure ba, a cire mini rawani."

Ta miƙa tana ƙunƙuni. Kafin wata ya juyo zawo ya tsaya, kumatu suka fito, har tsohuwa ta koma kukan maigidanta ya yi mata nauyi. Sai da ya cika wata shida, yana zama daram, Waziri ya mayar mata da ludayinta, ita ta ba su kunun fari, su biyun.

Sarki ya yafa wa Waziri alkyabba ya ce, "Fifiko yakan cuci wanda aka fifita, adalci kuwa ya rayar da su duka."

Washegari da safe na dama kununa, na sa tsamiya, na ɗora yaro a nono, na shanye abina tas.