Abin da Ya Sa Zugazugin Maƙeri Ba Sa Sauka Tare

Dalilin da ya sa zugazugin maƙeri suke biyu, kuma in ɗaya ya sauka ɗaya tashi yake yi, gardama ce ta miji da mata. Ku da kuke wucewa ta bakin maƙera kullum ba ku taɓa tambaya ba, to ku gyara zama ku ji.

A can da, babu zugazugi. Da baki maƙeri yake hura wuta, ta cikin doguwar gora da aka huda. Saboda haka ba damtse ake dubawa a san gwanin maƙeri ba, ƙirji ake dubawa. A wani gari da ke gindin dutse an yi wani maƙeri mai suna Tunau, wanda in ya cika kumatu ya busa, sai ƙarfe ya yi laushi kamar curin fura. Gorar da yake busawa gadon ubansa ce, bakinta har ya yi santsi don daɗewa, kuma ko ƙuda ba ya so ya sauka a kanta.

Sai tsufa ya biyo masa ta ƙirji. Wata bazara tari ya kama shi, ya tafi da rabin numfashinsa. In ya busa sau uku sai jiri ya ɗebe shi, gawayin kuwa ko ja bai gama yi ba. Ga fartanyoyin gari tuli guda a ƙofar maƙera, wasu sun dakushe wasu sun karye, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ran nan ya jiyo manoma a bayan danga suna cewa in mako ya cika ba a gyara ba, za su kwashi kayansu su kai wa maƙerin ƙetaren kogi. Tunau ya san in suka tafi sun tafi ke nan, maƙerar kakanninsa a hannunsa za ta mutu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har tuwo ya daina wuce masa.

Matarsa Hakama mace ce mai kaifin ido, bakinta kuma ya fi idon kaifi. Wata safiya itacen girki ya ƙi kama mata. Ta yi fifita har ta gaji, ta koma ta zauna daɓas, ashe a kan tsohuwar salkarta ta zauna, wato jakar fatar akuya da take ɗebo ruwa da ita, wadda ta bushe da iska a ciki. Iskar ta fita ta bakin salkar ta doki murhu, wuta ta tashi bal, saura ƙiris ta lashe mata zani. Wata ce da sai ta yi salati ta ci gaba da girkinta. Hakama kuwa sai ta tashi ta sake zama, wuta ta sake tashi.

Ta tsaga gindin salkar yadda iska za ta shiga in an ɗaga, a damƙe in za a danna, ta ɗaura mata bututun yumɓu a baki, ta nufi maƙera.

Ta ce, “Maigida, ga mai yi maka numfashi na kawo.”

Tunau ya harari salkar ya ce, “Abin ɗiban ruwa za ki kawo mini bakin wuta? Ubana da gora ya yi ƙira, kakana ma da gora.”

Ta ce, “Kakanka kam a’a. Ba kai kake ba mu labarin cewa da bakinsa kawai yake busawa ba, har ya bar duniya wuta ba ta bar masa gemu ba? Gorar nan ma wani ne ya fara huda ta, kuma na tabbata ranar sai da aka yi masa dariya.”

Tunau ya matsa mata wuri.

Aka gwada. In ta danna wuta ta tashi, in ta ɗaga don salka ta sha iska sai wutar ta kwanta. Ƙarfe ya yi ja-ja, ya tsaya nan. Tunau ya ce, “Na faɗa! Salkarki ƙarama ce, hannunki kuma sanyi gare shi.” Ya samo fatar ƙaton bunsuru ya ɗinka tasa, ya ɗaura gorar ubansa a bakinta, ya cusa cikin gawayi kusa da ta matarsa. Ya ce, “Ki bi hannuna.” Suka danna tare, toka ta turnuƙe su. Suka ɗaga tare, wuta ta sake kwanciya.

Ya ce, “Ke ce kike ɓata aikin.”

Ran Hakama ya ɓaci. Ta ce, “Ni na kawo dabara, ni ce kuma mai ɓatawa? To na daina bin hannunka. In ka danna zan ɗaga, in ka ɗaga zan danna, mu ga wanda zai gaji.”

Haka kuwa ta yi, don tsabar taurin kai. Ya danna ta ɗaga, ya ɗaga ta danna, kowa ya kau da kai yana huci. Can Tunau ya ji zafi yana dukan kuncinsa, ya waiwayo. Wutar ba ta kwanta ba, domin kafin iskarsa ta ƙare tata ta iso. Ƙarfe ya wuce ja, ya yi fari fat yana tartsatsi, irin farin da ko yana saurayi bai taɓa kaiwa ba. Ya zabura ya ɗauki awartaki ya zaro shi, Hakama ta kama salkarsa da hannun hagu, tata a dama, ta ci gaba, wannan sama wannan ƙasa. Ƙarar masaba, gudumar ƙira, ta cika gari.

Kwana huɗu suka yi, fartanya ta ƙarshe ta bar maƙera, washegari ruwa ya sauka. Tunau ya zauna a bakin rumfa yana kallon manoma suna wucewa gona da abin da ya ƙera, ya dubi gorar ubansa tana nan ɗaure a bakin fata, hawaye suka zubo masa. Ya ce, “Hakama, ashe numfashina ne kaɗai ya ƙare, ƙira tana nan.”

Ta ce, “Da saura. Wata rana wani zai zo ya ga salkar nan tawa ta yi masa kaɗan.”

Ta kuwa faɗi gaskiya, don kun ga maƙerin bakin kasuwa yanzu ƙafar keke yake juyawa tana hura masa wuta. Amma inda duk aka riƙe na fata, shi ya sa har yau za ku same su biyu, ba sa sauka tare. In kun wuce ku kasa kunne, fuu, faa, fuu, faa: Tunau da Hakama ne ba su gama gardamarsu ba, wutar kuma ba ta mutu ba.