Gishirin Sarkin Lambu

An ce wai wata safiya, a wani gari na manoman rani, aka ji wa da ƙani suna sa-in-sa a ƙofar ɗakin da suke renon irin tumatur. Wan sunansa Ilu, ƙanin kuma sunansa Barau.

Barau ya ce, "Yaya, ka faɗi gaskiya. Kana dawowa da dare ka ƙara wa tsirran nan ruwa."

Ilu ya ce, "Ni zan bar barcina in zo in shayar da tsiro a ɓoye, kamar mai satar akuya? Injinanka ne ke yoyo. Gobe zan ɓalle ƙofar nan in fitar da irin waje, yadda marigayi Baba yake yi."

Dalilin rigimar kuwa shi ne, shekarun baya wata tsutsa ta addabi garin, tana cinye iri tun yana fili. Sai 'yan'uwan suka gyara wani ɗaki, suka liƙe taga da duk wata kafa. Suka sa fitilu a madadin rana, da fanka, da injin da ke tsotse laima daga iska, duk a kan batirin sola. Ilu ke ban ruwa, Barau ke kula da wuta. Manoman garin suka daina yayyafa iri a fili, suka zuba ido ga ɗakin. To sai ga shi kowace safiya silin na ɗiga, bango na zufa, fumfuna ta kama gindin tsirrai suna kwantawa layi-layi. Saura kashi ɗaya na ƙarshe. In ya mutu, lokacin dashe zai wuce garin. In kuma aka fitar da shi, tsutsa na jira.

Barau bai da yawan magana, amma abu na cinsa a rai. Shi ya kawo shawarar ɗakin, shi mutane za su nuna da baki. Ya tafi ya kai ƙara gun Sarkin Lambu Jatau, dattijon da ke raba ruwan rafi tsakanin manoma, yake kuma raba gardamarsu.

Sarkin Lambu ya saurari kowa har ya gama. Bai tambayi wanda ya yi ƙarya ba. Ya ce, "Yau kowa ya yi aikinsa yadda ya saba, ina kallo."

Bayan La'asar Ilu ya ɗauki tsohuwar butar ban ruwa ta mahaifinsu, ya bi farantan iri yana kwarara musu har ruwa na tsiyaya ƙasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan yamma shi ke kwana a saiwa. Haka muka gada." Da Magariba ta yi Barau ya kashe fitilu, ya kashe fanka, ya kashe inji, don tattalin batiri. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tun da na haɗa batirin nan bai taɓa mutuwa a hannuna ba."

Dattijon ya sa aka kawo masa busasshen gishiri a tasa. Ya ajiye a tsakiyar ɗakin, nesa da farantan, ya saka nasa kwaɗon a ƙofa, ya tafi da makullin a aljihu.

Washegari da hantsi ya buɗe a gaban mutane. Wani ɗumi mai wari ya tarbe su. Silin na ɗiga kamar jiya. Gishirin ya jiƙe ya dunƙule.

Barau ya ji kunya ta rufe shi, don ya ga babu wanda ya shiga. Ilu kuwa ya fara murmushi. Sarkin Lambu ya dube shi ya ce, "Ajiye haƙoranka, Ilu. Inji a kashe ya kwana, da me zai yi yoyo?"

Sannan ya ɗaga tasar ya ce, "Gishirin nan ba wanda ya zuba masa ruwa, daga iska ya sha. A fili, ruwan yamma na da inda za shi, ƙasa ta sha, iska ta kwashe saura. Nan kun toshe masa kowace hanya. Tsiro ya sha ya fitar, ɗaki ya huce bayan an kashe fitila, iska ta kasa riƙewa ta sauke musu a ka. Ɗayanku ya shigo da baƙo da yamma, ɗayanku ya rufe ƙofar da zai fita. Da ɗaya ne kaɗai ya yi nasa, da ɗakin ya jure."

Ilu ya ce, "To a raba mu kawai, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Raba ku zan yi, amma da kayan aikinku. Na san ku tun kuna yawo ba wando. Ilu, hannunka ba ya riƙe komai, ko goro ka saya kafin ka iso gida ya ƙare. Karɓi makunnin wuta. Barau, kai ko ruwan alwala sai ka rage na anjima. Karɓi buta. Ruwa da safe, in fitila ta kama. Na yanke."

Mutane suka yi dariya. Barau bai yi ba, don yana ganin batirinsa ya shiga uku.

Haka kuwa aka yi. Ilu ya riƙa kashe fitila kaɗai, ya bar fanka da inji suna aiki har gari ya waye, ko a jikinsa. Batirin kan kwana da kyar, rana ta fito ta cika shi. Barau ya riƙa tsoma yatsa a ƙasar kowane faranti kafin ya ɗiga mata ruwa, kamar ana cirewa daga jininsa. Silin ya bushe. Fumfuna ta tsaya inda ta kai. Abin da ya kwanta bai tashi ba, amma sauran ya miƙe, ya ishi garin dashe.

Ranar da aka kwashe farantin ƙarshe, Barau ya je gidan Sarkin Lambu da kwandon goro. Ya durƙusa, maganar da ya shirya ta ɓace masa. Ya ce, "Mun gode, Baba. Ka cece mana iri, ka bar mini wana." Dattijon ya ce, "Allah ya yi albarka. Goron nan Ilu ne ya saya ko? Na ga yawansa, kai ba za ka sayi mai yawa haka ba."

Masu ba da labarin sukan ce, sau da yawa halin da ake kuka da shi a wurin mutum ba mugu ba ne, wurin da aka ajiye shi ne bai dace ba, kuma mai hikima yakan sauya masa wuri maimakon ya nemi kashe halin.

Da yamma 'yan'uwan suna share ɗakin da ya zama fayau, tasar gishirin na nan a kusurwa, ta bushe. Barau ya daɗe yana kallon tsohuwar butar mahaifinsu a hannunsa. Can ya ce, "Yaya, da Babanmu na da rai, wanne za a ba shi, buta ko makunni?"